Inda Muka Ajiye Sarki

An rushe gidanmu na Zango, a Sokode. Ba ruwan sama ne ya rushe shi ba, ɗan yayana Razaku ne, da yardar dangi. Ni ma an tambaye ni a waya ina tsakiyar yanka wa wata mata nama a kasuwar Dapango, na ce to. Gidan ya daɗe da mutuwa, 'yan haya ne a ciki da awaki, kuma yaron ya yi shekaru yana wanke kwanoni a Jamus don ya gina wa dangi abin da za su nuna. Sai bayan an kwashe ƙasar kaf aka tuna cewa kakana yana ciki. Sarkin Fawa ne na unguwarmu a zamaninsa, kuma a ɗakinsa aka binne shi, ba a maƙabarta ba. A cikin waɗanda suka tona ramin ni kaɗai na rage. Shi ya sa aka sake kirana, aka ce in zo in nuna wurin kafin katafila ta shiga tonon harsashi, kada ta kwaso tsohon a cikin cokalinta.

Gidan da na tashi a ciki gidan mahauta ne, kuma da kunne na fi tuna shi. Ba zakara ke tada mu ba, ƙarar wuƙa ce a kan dutse. Babana da ƙannensa sukan tsuguna a ƙofar zaure bayan sallar asuba, kowa da dutsensa da gwangwanin ruwa, kowa da irin jan hannunsa, har kana kwance a tabarma kana iya cewa wannan na wane ne. Daga nan sai san da aka ɗaure a gindin durumi ya fara kuka, sai kalangu ya taso daga wajen mayanka yana gaya wa gari yau an kayar da mai kitse. Matan unguwar Koma da na Zango suna jin kiɗan sun san ko su ɗauki kwano ko su haƙura da busasshen kifi. Hantsi na yi gidan ya cika da hayaƙin babbaka. Kawuna da ƙafafu a kan wuta, mata na kankarewa suna gulmar maƙwabta, gatari na sauka a kan gungume, ungulaye sun jeru a katanga kamar masu jiran shari'a. Mu samari aikinmu wankin hanji a rafi, da ɗaukar fata, da gadin kilishi da dogon kara saboda shirwa. In shirwa ta fauce ko yanki ɗaya, kunnenka ne zai biya. Ƙashi kuwa ba a zubar da shi a waje, don kada karnuka su saba da ƙofar gida. Duk ramin da aka ɗebi ƙasar gini a cikin gidan, da ƙashi ake cike shi a rufe. Wari akwai. Baƙo in ya shigo yakan toshe hanci da bakin rigarsa. Mu ba ma ji.

Yanzu tebur gare ni a Dapango, da firigo na sanyaya nama, wanda wuta ke ɗauke masa numfashi kullum. Ba kalangu. In an yanka sa mai kyau, yaron shagona yakan ɗauki hoto ya tura wa masu gidan abinci a waya. Rabin matan da ke wucewa ta gabana daskararrun kaji suke nema, waɗanda jirgi ya kawo, ba wanda ya san wa ya yanka su ko me ya ce da zai yanka. 'Ya'yana maza ba wanda ya riƙe wuƙa. Ɗaya yana zemijan, yana ɗaukar mutane a babur, ɗaya yana Lome yana abin da ban gane ba. Ban ce sun yi laifi ba. Sana'ar ta cinye min gwiwa da kafaɗa, ban ga abin da zan yi musu kwaɗayinsa ba.

Kakan nan nawa kowa Sarki yake ce masa, har matarsa Iya. Ƙato ne, baƙi, yana ɗingishi saboda wani bijimi da ya taɓa ɗaga shi da ƙaho. Sarautarsa ba kakaki ba algaita. Buzu ne a zaure, da sanda, da rawani guda na Juma'a. Amma ba a kayar da dabba a unguwar sai ya gan ta a tsaye, kuma in ya ɗaga leɓenta ya duba ya ce a mayar, an mayar ke nan, ko ta wane ce. In mahauta biyu suka zare wa juna wuƙa, gabansa ake kawo su, ya karɓe wuƙaƙen ya tura ƙarƙashin buzu, sai ranar da ya ga dama. Maganarsa kaɗan ce. Yakan ce kada ka sa wa mace a kwano abin da ba za ka kai wa uwarka ba. Yakan ce mahaucin da fara'arsa ta yi yawa, a duba ma'auninsa. In ya ji daɗin rana yakan ba mu labarin ubansa, wanda yake bin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, yana yanka musu a zango-zango. A hanya ya mutu, wani wuri kusa da kogi, aka tona gindin wata bishiya aka rufe shi, ayari ya ci gaba. Sarki yana yaro a ayarin. Ya ce da ya girma ya bi ta wurin ya fi a ƙirga, bishiyoyin duk iri ɗaya ne. Ba ya faɗin wannan da baƙin ciki, yana faɗa ne yana ɓare goro. Da 'ya'yansa ba ya dariya. Da mu jikoki kuwa ba shi da aiki sai tsokana. Ni ɓarawon mata yake ce min, wai ina zagaya masa Iya.

Da ciwo ya kwantar da shi na riga na zama saurayi, ina kayar da rago ni kaɗai. Ya tara 'ya'yansa da manyan jikoki ya ce a ɗakinsa za a ajiye shi. Liman ya zo ya yi masa magana a hankali, cewa zamani ya wuce wannan, maƙabarta ta fi, cikin jama'a. Sarki ya ce wanda ya gada a sarauta a gidansa aka binne shi, wanda wancan ya gada ma haka, shi ba zai zama na farkon da za a kai daji ba. Babana ya ce to ko a ɗan sa dutse, ko a tayar da ƙasa, saboda 'yan baya. Ya ce a'a, a daɓe wurin ya koma yadda yake, wanda ya san shi ai ya san ɗakinsa. Sai ya juyo kaina.

"Kai, ɓarawon mata, kai za ka tona. Na san ka ƙagu in tafi ka ɗauke min tsohuwa."

Na ce, "Tsohuwar da ba haƙori? Tafi da abarka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Iya ta jefe ni da mafici.

Da safe ya cika. Mu manyan jikoki muka fitar da gadonsa da akwatinsa, muka fasa daɓen da dagi. Tonon kabari a cikin ɗaki ba kamar a fili ba ne. Ba iska, ba wurin jefa ƙasa, sai a kwando ana miƙawa ta ƙofa hannu zuwa hannu. Ɗakin yana ta warinsa, man zafi da goro. Ƙasar ja ce mai tauri, in ka sara sai ka ji ta amsa a haƙoranka. Muka gama babban ramin, sannan ni na shiga na yanka ƙaramin na ciki, ina gwadawa da karan da aka auna shi da shi. Aka fitar da shi ƙofar gida aka yi masa salla, sahu har ya toshe hanya, Kotokoli da Yarbawa da Fulanin da ke kawo mana shanu, makaɗa na tsaye da kalangu a rataye ba wanda ya taɓa. Sannan aka juyo da makara aka sake shigowa da ita gida. Ban taɓa ganin haka ba, ban kuma sake gani ba. Matan da suka fasa kuka da aka fita da shi suka rasa yadda za su yi da ya dawo. Aka sa shi, aka jera itace, aka toshe da ganye da ɗanyen laka, muka mayar da ƙasa muka tattake. Washegari tsofaffin mata suka shiga da madaɓi da ruwan makuba. Daɓe da waƙa ake yinsa, amma wannan ba waƙa, sai tim, tim, tim, har rana ta karkata. Ranar sadaka na sa rigarsa, yadda jikoki ke yi, ina ɗingishi ina ɗaga leɓen baƙi ina cewa a mayar. Aka yi ta dariya. Har Iya.

Daga nan ɗakin ya zama ɗakin Sarki kawai. Ba mai kwana, ba a ajiye kaya. Iya na share shi kowace safiya ta ja ƙofa. In ka leƙa ba abin da za ka gani, daɓe ne sumul. Na koma Dapango bayan na yi aure, don shanu sun fi sauƙi a can, gidan kuma ya yi mana kaɗan. Iya ta rasu, babana ya rasu, mahaifiyata Inna ta bi su, su duk maƙabarta aka kai su. Na ji an ce rufin ɗakin Sarki ya zuba a wata damina, ba wanda ya gyara. Na ji an ce an faɗaɗa hanyar ƙofar gida, ta ci zaure. Duk a waya na ji. Nama ba ya jiran mutum ya je ganin gida, in ka bar tebur wani ya gaje masu sayenka. Haka shekaru suka tafi ban je ba.

Da zan taho na gaya wa Lamboni, wani ɗan ƙabilar Moba da nake sayen shanu a hannunsa a kasuwar Naki, mun tsufa tare muna cutar juna. Na taɓa zuwa ƙauyensu. Kabarin ubansa na nan bayan gida a cikin gero, da tulu a kife a kai, kowane yaro ya san shi. Ya ce ku Hausawa kuna ɓoye matattunku kamar naman sata. Na ce ku kuma kuna kife musu tukunya kamar za su tashi neman burkutu. Ya yi dariya. Sannan ya ce tulun ma ya fashe bara, jikansa ne ya buga masa ƙwallo, kuma tsohuwar da ke gina irinsa ta mutu, bokitin roba ya kife a wurin tukuna. Ya ce in na je in gaida Sarki.

Na sauka Sokode da rana. Sai da muka wuce wurin, sannan mai babur ya dawo da ni, don ba gida. Fili ne ja, an share shi tas, da tulin yashi da bulo a gefe. Durumi babu, an sare tun tuni. Rijiya an cike ta. Maƙwabta duk sun rushe nasu sun yi na siminti, ba katanga ɗaya da ke inda na bar ta. Hanya ta yi faɗi, an shimfiɗa mata duwatsun siminti, ga kanibo, lambatu mai zurfi, tsakaninta da filin, an ɗora katako ana tsallakawa. Razaku ya taho da sauri ya durƙusa ya karɓi jakata. Yaron kirki ne, ba zan ɓata shi ba. Bai taɓa ganin Sarki ba, labarinsa kawai ya ji a bakin babansa, marigayi yayana, kuma ya riƙe labarin da ƙarfi a can ƙasar sanyi. Ya riga ya sayi farin karo, irin wanda ake mannawa a bango, da wani allon dutse da aka sassaƙa sunan Sarki a kai. So yake ya kewaye kabarin a tsakiyar sabon gidan, 'ya'yansa da aka haifa a can su san daga inda suka fito.

Ya zaunar da ni a inuwar bulo ya yi ta nuna min hotuna a waya. Dalar sarakunan Masar. Wani farin gini a Indiya da sarki ya yi wa matarsa. Wani sarkin Sin da aka binne da rundunar sojojin yumɓu. Ya ce ko nan Koma, sarakunan Kotokoli an san inda suke kwance, har Turawan da suka mutu a garin nan tun da can suna da duwatsu da sunayensu, mu kaɗai ne namu ya ɓace kamar ba a yi shi ba. Na tambaye shi, su na Masar ɗin suna ciki har yanzu? Ya ce a'a, an fitar da su, suna cikin gilashi mutane na bin layi suna kallo. Na ce to.

"Baba Ƙarami, nuna min kawai. Ko da ƙafa."

Na tashi na shiga filin. Na tsaya nan, na tsaya can. Mutanen unguwa sun taru a bakin kanibo suna kallona kamar mai duba.

Na ce, "Ina bango?"

"Wane bango?"

"Kowane. Ni abin da na sani, ka fito daga zaure ka yi dama, ga ƙofa. Ba ni zaure, ba ni ƙofa. Da kun bar min ko kusurwa ɗaya."

Ya ce ai ba wanda ya gaya masa. Gaskiya ya faɗa. Wani tsoho maƙwabci ya ce wajen yamma ne, wata tsohuwa ta ce ƙarya yake, gabas ne, suka kama faɗa a kan wanda ya riga wani zuwa unguwar. Wani ya matso ya raɗa min a kunne cewa in nuna ko'ina, Allah ya san niyya, yaro ya samu ya yi aikinsa. Na ce ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba. In na nuna nan aka manna karo, katafila ta je can ta kwaso shi fa? Abu guda na roƙa, kada mota ta shiga. A tona harsashin da hannu, a hankali. Razaku ya ƙirga kwanaki da yatsu, don hutunsa na ƙarewa kuma aikin hannu ba ya sauri. Sannan ya ce an gama.

Aka kawo samarin ƙabilar Kabre masu diga da shebur. Ba su yi nisa ba na ji ihu, sun watsar da kayan aiki sun fito daga rami. Babbansu ya zo yana haki ya ce Baba, mun same shi. Na je na duba. Muƙamuƙin sa ne, da haƙoransa. Suka koma. Can kuma wani ihun, allon kafaɗar rago. Gidan kaf a kan ƙashi yake zaune, na shanun da aka cinye tun kafin a haifi babana, ba inda diga za ta sauka ba ta taɓa wani ba. Samarin suka ce su ba za su iya aiki haka ba, gabansu na faɗuwa. Aka kawo min kujera aka ajiye a bakin rami, aka ce duk abin da ya fito a miƙo min.

Ni ban taɓa ganin ƙashin mutum ba. Na sa gawa a rami ba adadi, amma a cikin likkafani. Na dabba kuwa ko idona a rufe. Na ce wa Razaku, duk wanda na sani ba shi ba ne, ranar da aka miƙo min wanda ban sani ba a tsaya. Haka na yi kwanaki. Haƙarƙarin sa. Ƙwaurin akuya. Gindin ƙaho. Ina juyawa ina jefawa cikin buhu. Samarin suka saki jiki, suka sa min suna dokta. In sun ciro babba su ce dokta, ga kakanka ya fito, in ce wannan naku ne, ba ku ga ƙaho ba? A wurin nake cin shinkafa da wake, a wurin nake amsa wayar yaron shago mai cewa firigo ya sake tsayawa. Wata yamma bayan an tashi na leƙa maƙabarta in gaida Baba da Inna. Da, tudu ne da fasasshen tulu, ruwa ya daidaita shi a hankali, kowa ya yarda da haka. Yanzu allunan ƙarfe ne ko'ina da suna da ranar mutuwa, rabinsu sun yi tsatsa ba sa karantuwa. Ban sami kabarin Baba ko na Inna ba, na yi addu'a ga kowa na fito. Mutane na zuwa bakin rami suna min sannu, suna cewa lalle abin da ciwo. Na duba cikina ban ji ciwon ba. Ban ji komai ba. Gwiwata ce kawai ke damuna saboda zama.

Ramukan sun kusa haɗewa, saura na can ciki wajen bayan fili. Da hantsi babban samarin ya miƙo min wani abu ko ɗago kai bai yi ba, ya ci gaba da sara. Ɗan siriri ne, bai kai tsawon yatsana ba, ya lanƙwasa nan ya sake lanƙwasawa can. Na juya shi. Ba na ɗan akuya ba ne, ba na kaza ba, ba na kare ba. Na sake juyawa. Hannuna ya tafi da kansa gindin wuyana, na ji irinsa a nan ƙarƙashin fata, babba.

Na ce a tsaya.

Na sauka ramin da kaina, da wannan gwiwar, na share ƙasa da hannu. Ga fasassun tulu an jera, diga ta farfasa na gefe. Tsawon wurin duka bai fi daga kafaɗata zuwa yatsu ba. Razaku ya tsuguna a sama, ya ce a hankali, ai wannan ya yi wa Sarki kaɗan. Na ci gaba da sharewa ta gefe sai na ci karo da jerin duwatsun marmara. A gidan nan ɗaki ɗaya ne aka yi wa gindi da dutse, saboda ya taɓa zubewa da damina. Ɗakin Inna.

Ina da ƙanwa. Asibi. Ta fara magana ke nan ƙyanda ta shigo unguwa. A lokacin ƙananan yara ba a kai su maƙabarta, bayan ɗakin uwa ake sa su. An tura mu rafi wankin hanji, muka dawo ba ta nan. Inna ba ta sake kiran sunanta ba har ta mutu, abin da kawai ta ce mana shi ne kada wanda ya ƙara zuba ruwan wanka a bayan ɗaki. Tun da aka fara maganar nan, dangi na Lome da Kumasi da Jamus suna ta waya a kan Sarki, ba wanda ya ambace ta. Ni ma da na goya ta, sai da na riƙe ƙashinta na tuna ta.

"Baba Ƙarami, wane ne?"

"Gwaggonka ce."

Na mayar da ƙashin inda ya fito. Aka samo tulu a maƙwabta aka fasa, na rufe gurbin, muka mayar da ƙasa muka yi addu'a. Samarin Kabre na tsaye gefe da sheburansu. Razaku ya kira magini ya ce bangon nan ya matsa. Magini ya fara bayanin cewa ɗakin zai ƙanƙance, Razaku ya ce masa bangon ya matsa kawai.

Tun da na sami ɗakin Inna na sami gidan. Na zagaya na tsaya inda ƙofarta take, na ba ta baya. Kullum da safe daga nan nake ɗaukar kwanon koko in kai wa Sarki. Ban auna komai ba, na tafi kawai. Nan murhu, na kauce. Nan turmi. Nan igiyar shanya, har na sunkuyar da kai ba igiya. Razaku na bina a baya. Na wuce rumfar babbaka, na karkata inda ake karkata, na zo inda nake durƙusawa in yi sallama. Na duba ƙasa, yatsun ƙafata na bakin kanibo. Ashe ba zaure kaɗai hanyar ta ci ba. Ɗakin ya riga ya zama tudun ƙasa a lokacin, ina jin baje shi aka yi da sauran.

Na hau katako na tsallaka, na shiga ɗakin. Ga inda gado yake, ga inda muka fasa daɓe. Na tsaya a kai. Cikin hanya ne sosai, hannun masu gangarawa kasuwa.

"Nan?"

"Nan."

Ya dubi duwatsun simintin, ya dubi kanibo, ya tambaye ni ko masu hanya sun tona da zurfi. Na ce ban sani ba, ba na nan. Namu ramin dai ya kai min ƙirji. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗaga hannu zai ja Fatiha, na ɗaga nawa. Ba mu kai rabi ba wani mai zemijan ya taho da mace da buhun gawayi a baya, ya danna oda, ya ce tsoho, hanya ce fa.

Muka matsa ya wuce. Na bayansa ma ya wuce.